Idon Mai Sauraro: Tarihin Sharhin Wasanni a Rediyon Kaduna

A ranar 15 ga Maris, 1962, gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata na kanta a Kaduna. Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya daɗe yana ganin cewa muryar da ke fitowa daga Legas ba ta ba da labarin Arewa yadda 'yan Arewa suke so a ba da shi, ga kuma Jihar Yamma ta riga kowa kafa talabijin a Ibadan tun 1959. Sai aka haɗa hannu da wasu kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka kafa kamfanin BCNN. Talaka bai wahalar da bakinsa da waɗannan haruffa ba, Rediyon Kaduna kawai yake cewa, kuma har gobe haka ake kiran gidan da ke kan titin da yanzu ake ce wa Yakubu Gowon.

Cikin 'yan shekaru kaɗan gidan ya yi ƙarfin da sai wanda ya rayu a lokacin ne zai iya kwatanta shi. Gajeren zangonsa na mita 49 yana kaiwa Maraɗi da Damagaram, yana tsallakawa Kamaru da Cadi, har zangon Hausawa na Kumasi da Ankara. Ta nan Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa na juyin mulki ranar 15 ga Janairu, 1966. Ta nan aka riƙa jin tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello da watan azumi, da na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi. Ta nan Yusuf Ladan ya shiga gidajen mutane da wasansa na Zaman Duniya Iyawa Ne, Usman Baba Pategi kuma ya zama Samanja Mazan Fama, daga baya Halilu Ahmed Getso ya riƙa titsiye 'yan siyasa da tambayoyin da ba su saba ji ba. Waɗannan sunaye kowa ya san su. Amma akwai wani rukuni na ma'aikata da tarihin gidan bai cika ambato ba, su ne masu kawo labarin wasanni, waɗanda galibi ake ba su 'yan mintoci a wutsiyar labarai. Ni a ganina aikinsu yana cikin mafi wuya a duk sana'ar rediyo, kuma birnin Kaduna ya ci moriyarsu fiye da yadda ya saka musu.

Sai an san yadda garin ya zauna kafin a fahimci aikin. Kogin Kaduna ya raba birnin biyu. A kudu, a Kakuri, masaƙu ne: masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957, da UNTL, da sauransu, ga kuma ma'aikatar ƙera makamai ta DIC da aka kafa a 1964. Dubban matasa daga kowane lungu na Nijeriya suka cika waɗannan wurare, kuma manyan kamfanoni suna da ƙungiyoyin ƙwallonsu. Ɗan wasa ma'aikaci ne, da safe yana bakin inji, da la'asar yana fili. A arewacin kogin kuwa nan mulki yake, da majalisar Lugard Hall, da gidan jaridar New Nigerian da ta fara fita ranar 1 ga Janairu, 1966, da gidan rediyo, da filin sukuwa da ya zama Dandalin Murtala, da babban filin wasa na Ahmadu Bello da aka gina a tsakiyar shekarun 1960 tun Sardauna yana raye. Ranar wasa sai jama'a su kwararo ta kan gada daga kudu, wasu su gangaro daga Kawo da Unguwar Shanu da Unguwar Sarki da Tudun Wada, a haɗu a fili ɗaya. Wanda bai sami kuɗin shiga ba, da wanda ke tsare da shago, da matan da ke cikin gida, da mutumin ƙauye da ba zai taɓa ganin filin ba, duk sai su koma ga akwatin rediyo.

Babu makarantar koyon sharhin ƙwallo a wancan zamani. Yawancin waɗanda suka yi aikin ta wata ƙofar suka shigo. Wani malamin makaranta ne mai koyar da wasannin motsa jiki, wani akawu ne da aka ji muryarsa ta yi daɗi aka ce ya zo a gwada shi. Sabon ma'aikaci yana farawa da karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa da cigiya, sannan a ba shi fassarar labarai daga Turanci, inda manya ke zaune da jan biro suna gyara masa kowace jimla. In ya yi sa'a a sa shi karanta katunan gaisuwa a shirin zaɓi sonka. Bayan nan ne, in an lura ba ya fashin zuwa kallon tamaula, za a rataya masa rikoda mai faifan tef a kafaɗa a ce ya je ya kawo rahoto. In ya dawo shi zai zauna da reza ya yanke tef ɗin, ya liƙe da ɗan salatif, ya fitar da tari da in-ina daga maganar koci, ya rage hirar minti goma ta koma ɗaya da rabi. Wannan horon, duk da wahalarsa, shi ya sa tsofaffin ma'aikata ba sa ɓarnar kalma.

Rahoto daban, sharhi kai tsaye daban. Ranar da za a watsa wasa daga fili, injiniyoyi ne ke fara isa da motar watsa shiri, a ja waya daga motar zuwa inda mai sharhi zai zauna, a nemi layin tarho na gidan waya da zai kai murya ɗakin watsa shiri. Layin nan yana iya yankewa ana tsakiyar wasa, sai a sa kiɗa a gidan rediyo har a gyara. Shi kuwa mai sharhi tun kafin a busa usur ya sauka wurin alƙalan wasa ya kwafi sunayen 'yan wasa ashirin da biyu da lambar rigar kowa a takarda, ya haddace abin da zai iya. Lambar riga ba ta isa ba, domin in rana ta yi yamma ko ƙurar hunturu ta taso ba a ganin lamba daga sama. Dole ya san mutum daga gudunsa, da yadda yake karkata kafaɗa, da ƙafar da yake bugu da ita. Babu allon da zai maimaita masa abin da ya wuce. In ya kalli takarda na ɗan lokaci aka zura ƙwallo a raga, shi ke nan, sai ya dubi wanda 'yan wasa suka rufa a kansa suna murna ya gane mai cin.

Kuma ba a yin shiru. Mai kallon talabijin yana iya jure shirun mai sharhi, domin idonsa na aiki. Mai sauraron rediyo in ya ji shiru sai ya ɗauka batir ne ya mutu, ya hau bubbuga akwati. Saboda haka minti casa'in cur mutum yana magana, yana faɗin inda ƙwallo take, wa ke riƙe da ita, wane ɓangare ake kai hari, minti nawa ya rage, kuma yana maimaita ci nawa ne a kai a kai saboda wanda ya kunna yanzu. In an yi bugun kusurwa ya faɗi ta wace kusurwa, in alƙali ya busa satar gida ya faɗi wanda ya yi, in an ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida ya ja numfashin mutane har a buga. A teburin mai shayi a Kawo za ka ga mutum goma sun kewaye ƙaramar rediyo, kofuna sun huce ba wanda ya kurɓa, wani ya miƙe tsaye yana harba ƙafa a iska kamar shi aka miƙa wa ƙwallon. Har a cikin filin ma akwai masu zuwa da rediyonsu su kara a kunne, suna kallo suna saurare, don ba su yarda sun ga abu ba sai mai sharhi ya tabbatar musu.

Salon aikin daga wurare biyu ya samo asali. Na farko shi ne sharhin Turanci na Rediyon Nijeriya daga Legas, wanda ake haɗa duk tashoshin ƙasa a kansa in 'yan wasan ƙasa, Green Eagles, za su yi wasa. Ishola Folorunsho ne ya share fage, sannan Ernest Okonkwo ya zo ya kai abin inda ba a taɓa kai shi ba. Okonkwo ya shiga aikin rediyo a 1957, ya yi shekaru fiye da talatin a bakin makirfo, har ya rasu a watan Agustan 1990. Shi ne ya laƙaba wa Segun Odegbami sunan mai lissafi, saboda injiniya ne kuma bugunsa a aune yake, ya kira kyaftin Christian Chukwu Ciyaman, ya kira Adokiye Amiesimaka Alƙalin Alƙalai saboda karatun lauya da yake yi. Sunayen suka bi mutanen har tsufansu. Ranar 22 ga Maris, 1980, da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas ta ɗauki kofin Afirka na farko, Odegbami ya ci biyu Muda Lawal ya ci ɗaya, mafi yawan 'yan ƙasa da kunne suka ga wasan.

Na biyu kuwa na gida ne, kuma ya girmi rediyo nesa ba kusa ba. Bahaushe ya san yadda ake zuga jarumi a fage tun kafin a kawo tamaula. A dandalin dambe da kokawa akwai makaɗi, akwai sanƙira mai cika baki, akwai kirarin da ɗan dambe ke yi wa kansa. Abin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago shi ne ya sa mutanen da ba su taɓa ganin damben Shago ba suke ba da labarinsa kamar a gabansu aka yi. Mai sharhin ƙwallo da Hausa ya gaji wannan kunne. Mai sauraronsa ba ya neman lissafi kawai, yana son a ba shi mutum, da halinsa, da garinsu, da abin da ake tsoronsa da shi. Gwani a cikinsu shi ne wanda ya iya haɗa biyun, ya zuga ba tare da ya yi wa mai sauraro ƙarya game da abin da ke faruwa a fili ba. Nan ne da yawa suke faɗuwa, domin zuga tana da daɗi, kuma ƙungiyar gida tana da magoya baya masu jiran mutum a bakin ƙofa.

Shekarun 1970 sun zo da sauye-sauye a gidan. Bayan an raba Arewa jihohi shida a 1967, jihohin ne suka ci gaba da riƙe shi tare. Daga baya gwamnatin soja ta karɓe talabijin ta haɗa shi cikin NTA a 1977, rediyon kuma ya shiga ƙarƙashin hukumar FRCN daga 1978. A 1977 Kaduna ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa, ta kuma shirya babbar hawan daba ta bikin al'adu na FESTAC. A watan Afrilun 1978 Pelé da kansa ya taka filin Ahmadu Bello sanye da rigar Fluminense ta Brazil, a wasan sada zumunta da Racca Rovers ta Kano, ƙungiyar da ta zama zakarar Nijeriya a wannan shekara.

Amma zamanin da mai labarin wasanni a Kaduna ya fi jin daɗin aikinsa shi ne ƙarshen shekarun 1980. Ƙungiyar ma'aikatan DIC, wadda ake kira DIC Bees, ta koma hannun Alhaji Muktar Aruwa ta zama Ranchers Bees. A 1987 ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, Abiola Babes ta doke ta. A 1988 ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun kofuna ta Afirka, ta yi ta ture manya har wasan ƙarshe, inda Bizerte ta Tunisiya ta tsere mata da ƙyar. A 1989 ta ɗauko kofin Afirka ta Yamma na WAFU bayan ta doke ASEC ta Abidjan. A cikin wannan ƙungiya ne wani yaro haifaffen Kaduna, Daniel Amokachi, ya fito yana ɗan saurayi. Wanda ke kawo labari a lokacin ba daga jaridar waje yake kwafo shi ba. Ya san unguwar da ɗan wasa yake kwana, ya ga atisayen safe da idonsa, ya shiga motar ƙungiya an yi doguwar tafiya da shi zuwa Bauchi ko Gboko, ya nemi tarho a can ya turo sakamako kafin labaran dare. In ya ce wane yana da ciwon gwiwa, ya ga an ɗaure gwiwar ne.

Abin da wannan gari ya ba ƙwallon Nijeriya yana da ban mamaki in aka jera shi. Ranar 21 ga Yuni, 1994, a Dallas ta Amurka, Nijeriya ta buga wasanta na farko a gasar kofin duniya ta ci Bulgeriya 3 da nema. Ƙwallon farko Rashidi Yekini ne ya ci, haifaffen Kaduna da ya fara da ƙungiyar masaƙar UNTL. Na biyu Amokachi. Bayan shekara biyu, ranar 3 ga Agusta, 1996, a wasan ƙarshe na Olamfik da aka ci Ajantina 3 da 2, Celestine Babayaro ne ya farke ta farko da ka, Amokachi ya farke ta biyu, kafin Emmanuel Amunike ya rufe. A tawagar akwai Tijjani Babangida da Garba Lawal da Emmanuel Babayaro, duk 'yan Kaduna. Waɗannan yara ba daga sama suka faɗo ba. A filayen makarantu da na unguwa suka taso, a garin da yaro ke jin ana kiran sunan yayansa a rediyo, ya ƙudura a ransa cewa wata rana shi ma sai an kira nasa.

Nasarar tasu kuma ita ce ta buɗe ƙofar da ta sauya aikin. Amokachi ya tafi Club Brugge, daga nan Everton a 1994. Babangida ya koma Ajax a 1996, Celestine Babayaro ya koma Chelsea a 1997, Nwankwo Kanu ya je Arsenal a 1999. Idon masoya ƙwallo ya bi su Turai, kuma bai dawo ba. A daidai lokacin ne doka ta 38 ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo da talabijin. A Kaduna aka sami DITV, daga baya Nagarta da Liberty da Freedom da sauransu, ban da gidan jiha na KSMC. A 2001 wayar salula ta shigo. Tauraron ɗan'adam ya yi araha, gidajen kallon ƙwallo suka tsiro a kowace unguwa, rumfar kwano da benci da janareta da allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli.

Mutumin da ya fi kowa gane inda iskar ta nufa shi ne Larry Izamoje, ɗan jaridar wasanni da ya yi aikin jarida da gabatar da shiri a rediyo, sannan ranar 1 ga Oktoba, 2002, ya buɗe Brila FM a Legas, gidan rediyo na farko a Nijeriya da ba ya komai sai wasanni. Daga baya ya buɗe rassa, har da na Kaduna a kan 88.9 FM. Tarihinsa ya nuna cewa aikin da ake ba wa mintocin ƙarshe yana iya ɗaukar gidan rediyo sukutum. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara tun 1957, shi ma ya shiga kawo sharhin gasar Firimiya kai tsaye da Hausa ta tashoshin FM na gida.

Sai mai gabatarwa ya tashi daga zama idon mai sauraro ya koma alƙalin gardama. Masu bugo waya sun riga sun kalli wasan jiya, wasunsu sun fi shi sanin kuɗin da aka sayi ɗan wasa. Abin da suke so shi ne fili su yi wa abokin hamayya dariya, ɗan Madrid ya tsokani ɗan Barcelona, ɗan Arsenal ya sha ba'a. Ban raina wannan ba. Yana da daɗi, yana kawo talla, kuma a garin da ya sha rikici a 2000 da 2002 har mutane suka rabu da unguwanninsu, kogin ya zama iyaka, ba ƙaramin abu ba ne a sami shiri ɗaya da Musa daga Rigasa da Bulus daga Sabon Tasha za su bugo su yi musu a kan abin da ba ya zubar da jini. Masu gabatar da irin waɗannan shirye-shirye sun yi wa zaman lafiya hidimar da ba a rubuta ta a rahoton kowane kwamiti ba.

Abin da ke damuna shi ne abin da aka bari a baya. Masaƙun Kakuri sun durƙushe, UNTL ta rufe a 2007, ƙungiyoyin kamfanoni suka bi su. Ranchers Bees ta yi ta faɗi-tashi tsakanin rukunoni. Filin Ahmadu Bello ya ga manyan ranaku jefi-jefi: a gasar matasa ta duniya ta 1999 a nan Sifaniya, da Xavi da Casillas a cikinta, ta fitar da Ghana da Mali kafin ta je Legas ta ɗauki kofi, a 2009 kuma an yi gasar wasanni ta ƙasa da wasu wasannin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. A 2010 Kaduna United ta doke Enyimba da bugun fenareti ta ɗauki kofin ƙalubale. Amma wasan mako-mako na gida, wanda shi ne gonar ɗan jarida, ya rasa masu zuwa. Kawo labarin Manchester United bai buƙatar komai sai waya da data. Kawo labarin wasan rukuni na biyu yana buƙatar kuɗin mota, da yini guda a rana, da haƙurin jiran koci ya huce. Albashin mafi yawan masu wannan aiki bai taka kara ya karya ba, wasu ma sai sun nemo talla da kansu kafin a ba su fili. Wanda ƙungiya ce ta biya masa mota da masauki kuwa, da wuya bakinsa ya iya faɗin cewa ana bin 'yan wasa albashin wata biyar.

Ga kuma asarar da ba ta gyaruwa. Tef yana da tsada a wancan zamani, kuma a gidajen rediyo da yawa na duniya al'ada ce a goge shi a sake ɗaukar wani shiri a kai. Waƙa da wasan kwaikwayo da jawabin shugaba sukan tsira, amma sharhin ƙwallo ana ɗaukarsa abin yini ɗaya. Ƙwallayen Yekini da Amokachi na Amurka suna nan a intanet kowa yana iya kallo. Wasannin da suka yi a gida kafin duniya ta san su kuwa, yawanci suna cikin kan dattawan da suka kalla ko suka saurara ne kawai. Ƙungiyar marubuta wasanni ta SWAN, wadda ta kafu tun 1964 kuma take da reshe a Kaduna, da sassan koyar da aikin jarida na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna, su ne suka fi dacewa su bi tsofaffin ma'aikatan nan gida-gida da rikoda tun suna da ƙarfin magana.

Matasan da ke shiga aikin yanzu suna da kayan da magabatansu ba su yi mafarkinsa ba. Da waya ɗaya yarinya ko saurayi zai watsa wasa kai tsaye a Facebook daga filin Ranchers Bees, ba motar injiniyoyi, ba layin gidan waya. Dambe ya riga ya nuna hanya, domin masu ɗaukarsa da waya sun kai shi ga miliyoyin masu kallo har a ƙasashen waje. Gasar folo ta Kaduna, inda ake fafatawa a kan kofin Georgian tun 1919, tana nan duk shekara a Dandalin Murtala, kuma har yanzu ba ta sami mai ba da labarinta da Hausa yadda ya kamace ta ba. Haka gasar unguwanni da ake yi lokacin hutun makaranta a Unguwar Rimi da Badarawa da Hayin Banki, inda ake cika fili maƙil ba tare da an sayar da tikiti ko ɗaya ba.